Mazarin haske, ba motar ƙwaya ba

Jama'a, musamman malamanmu na kimiyya, ina so mu tsayar da kalma ɗaya ta Hausa. Akwai abin da Turawa ke kira "molekula moto": ƙwayar sinadari guda tak da ke juyawa idan haske ya bige ta. Ben Feringa da abokan aikinsa na Jami'ar Groningen a ƙasar Holan ne suka fara ƙera ta a 1999, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2016 tare da wasu masana biyu, Sauvage da Stoddart.

Na ga wasu na rubuta "motar ƙwaya". Ban yarda ba. Bahaushe ya ji mota, taya huɗu zai hango. Kuma muna buƙatar kalmar a wani wurin, don a 2011 mutanen Feringa sun haɗa irin waɗannan ƙwayoyi huɗu a matsayin tayoyi, suka yi 'yar mota. "Inji" kuwa ya yi faɗi, daga na niƙa har na jirgi.

Ni dai mazari na zaɓa. Ƙwayar ɓangare biyu ce, haɗi mai ninki biyu tsakanin ƙwayoyin sinadarin kabon ya riƙe su kamar tsinken tsakiya. Haske ya murɗa ta, ɗumi ya zamar da ita gaba yadda ba ta iya komowa, a sake haka, taku huɗu ta cika zagaye. Gefe guda take bi kullum, kuma nan ne darajarta take. Mai kaɗi ma ba ta murza mazari baya, in ta yi zaren ya warware. Na san mazari wulwulawa yake, wannan kuwa taku-taku take tafiya, amma sunan ya kama abin da ya fi muhimmanci.

Saura kalma guda: sunan yanayin da ake binciken ƙwayar a cikinsa. Masu binciken kan fitar da ƙwayar daga ruwan da aka narka ta, su feso ta tare da gas ɗin agon ko hiliyam ta ƙaramar ƙofa zuwa cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa. Fesowar na sanyaya ta matuƙa, sai a haska mata leza, wato siririn haske mai launi guda, ana sauya launin hasken ana duba wanda ta shanye. Wasu za su ce "a cikin iska", alhali babu iska a wurin. Manufar ita ce a ga ƙwayar babu maƙwabtan da ke tunkuɗa ta, don haka nake cewa "a kaɗaice".

In aka haɗa su, sunan wannan aiki ya zama "binciken mazarin haske a kaɗaice da leza". Malam, in ka gwada shi a aji, faɗa mana inda ɗalibai suka yi tuntuɓe.