Wata 'yar Cek nake koya wa Turancin ciniki, ta ina zan fara?

Ɗan Brno:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata biyu ke nan a Brno, birni na biyu a girma a ƙasar Cek. Karatu ya kawo ni, da yamma kuma ina ɗan koyar da Turanci don in sami na cefane. Cikin ɗalibaina akwai wata mata sa'ar mahaifiyata, tana aiki a sashen sayen kaya na wani kamfanin kayan gini. Nahawunta ya zauna, wasiƙa ma tana rubutawa tsaf. Inda gizo ke saƙar shi ne waya, idan Turawan Ingila suka fara yi mata maganganun nan nasu na kuɗi.

Makon jiya ta zo ranta a ɓace. Wai tana neman ragi wajen wani mai kawo musu kaya, tana so ta nuna masa bana kamfaninsu na cikin matsi, sai ta ce masa "we have deep pockets". Su a Cekanci suna cewa "mít hluboko do kapsy", wato sai hannu ya yi nisa cikin aljihu kafin ya taɓo kuɗi, ma'ana babu. A Turanci kuwa mai zurfin aljihu shi ne mai hannu da shuni. Bature ya yi dariya, ya ƙi rage ko kwabo. Wallahi na ji mata ciwo, domin mace ce mai kula da aikinta, kuma ta daɗe tana neman wannan ragin.

Akwai kuma wata da ta zauna mata a baki. Kayan da aka karya wa farashi a kanti su kan ce yana "v akci", to ita sai ta ce "it is in action". Na gyara mata ya fi sau biyar, tana komawa.

Na tattara irin waɗannan maganganu guda hamsin a takarda. In ba ta ta haddace ne, ko akwai hanyar da ta fi? Malamai a taimaka.

Malama Ta Zariya:

Wa alaikumus salam ɗana. Ajiye takardar nan tukuna. Na yi shekara da shekaru ina koyar da Turanci a sakandare, kuma duk yaron da na ba jerin haddace sai ya zubo mini su duka a insha'i guda, inda suka dace da inda ba su dace ba. Babba ma haka zai yi, domin ya sha wahalar haddar, yana so ta yi amfani.

Matsalar ɗalibarka ba ƙarancin maganganu ba ne. Nata na gida ne ke riga na Turanci zuwa bakinta. Saboda haka daga nata za ka fara. Ka ce ta faɗa maka yadda suke cewa abu ya yi tsada, abu ya yi araha, mutum ba shi da ko sisi, an cuci mutum a ciniki. Ku rubuta, sannan ku kasa su uku: waɗanda suka yi daidai da na Turanci, waɗanda ma'ana ɗaya ce amma hoton ya bambanta, da waɗanda suka yi kama alhali kishiyoyi ne. Kashi na ukun nan shi ne mai cizo, shi ya cije ta a wayar nan, shi za ku fi daɗewa a kai. Ni haka nake yi da yaranmu. In na ce "tighten your belt" suka yi shiru, sai in ce "tsuke bakin aljihu", nan take kowa ya gane, kuma ba ya mantawa cewa Bature ɗamara yake ɗaurewa, mu aljihu muke tsukewa.

Sannan ka raba mata abin da za ta ji ta gane da abin da za ta faɗa da bakinta. Irin su "cost an arm and a leg", wato abu ya yi mugun tsada, ta gane su kawai ya isa. Abin da take bukata a baki gajeru ne: "we're on a tight budget", "that's a bit steep", "is that your best price?", "can you meet us halfway?" Da ta san ta farkon nan kaɗai, mai nufin kuɗinmu a ƙididdige suke, da ba ta shiga abin da ta shiga ba. Huɗun nan ku yi ta wasan ciniki da su, kai ne mai kaya ita ce mai taye, har su zame mata jiki.

Mazaunin Leeds:

Malama ta gama magana, Allah ya ƙara basira. Ni dai abin da zan ƙara, Malam, ka binciki takardar taka da kyau, don ina zargin rabinta tsofaffin maganganu ne da littattafai ke ta kwafa daga juna. Na daɗe a nan, kuma abin da kunnena ke ji kullum bai wuce "quid" a madadin fam ba, da "rip-off" in an tsuga wa mutum kuɗi, da "skint" in aljihu ya bushe, da "it's on me" in wani zai biya wa kowa. A ofis kuma "in the red" in kamfani na cikin asara, da "ballpark figure", wato ƙiyasin farashi ba na ƙarshe ba. Wannan ta ƙarshen za ta ji ta sosai a aikinta.

Ka tambaye ta kuma su wa take waya da su. Ba'amurke zai ce "a dime a dozen", ɗan Ingila ya ce "ten a penny", duk abu ne da ya yi yawa har ya rasa daraja. Ka kuma ja mata kunne kan "spend a penny". Babu ruwanta da sayayya, kewayawa ban ɗaki ake nufi, tun zamanin da ake jefa kwabo a ƙofar makewayin gwamnati kafin ta buɗe.

Maganar "in action" kuwa, ka haɗa mata da tagwayen nan: "on sale" an yi ragi, "for sale" na sayarwa ne kawai. Mu ma namu da yawa suna rikita su.

Ɗan Maraɗi:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba malamin Turanci ba ne, amma ina da abin da zai faranta wa wannan baiwar Allah rai, tunda ka ce ranta ya ɓaci. Ka gaya mata kalmar dala ta Amurka daga ƙasarsu ta fito. Akwai wani gari a can, Jáchymov, Jamusawa na ce masa Joachimsthal, inda aka fara buga wani kuɗin azurfa wajen 1520. Ana ce wa kuɗin Joachimsthaler, aka gajarta ya koma thaler, su 'yan Cek suka ce tolar, daga thaler ɗin kuma Turanci ya sami dollar. Kuma irin wannan kuɗin, mai hoton Sarauniya Maria Theresa da shekarar 1780 a jikinsa, ya ƙetaro hamada har ƙasar Hausa. Ita kanta sarauniyar ta mulki ƙasar Bohemiya, inda Prague, babban birnin Cek, take.

Mu nan har gobe da dala muke lissafi. Sefa biyar dala guda ce, sefa ɗari dala ashirin, sefa dubu jika. Ɗan Najeriya in ya shigo kasuwar Maraɗi karon farko sai an zaunar da shi an yi masa bayani. Ku ma kuna cewa ba ku da ko sisi ko anini, alhali tun 1973 kuka koma naira. Na tabbata su ma suna da irin wannan, ka tambaye ta.

Ɗan Brno:

Allah ya saka muku da alheri. Jiya muka haɗu, na bi shawarar Malama, ban fito da takarda ba. Da na ce ta kawo nasu, sai ga mata ta saki jiki, awa guda ta wuce ba mu sani ba. Kashi na farko ya fi yadda na zata yawa: su ma ɗamara suke ɗaurewa, "utáhnout si opasek", kuma kamfani mai asara yana cikin jajayen lambobi, sai dai na nuna mata Bature ba ya ambaton lambobin, "in the red" kawai, kuma kada ta yar da "the" ɗin, tunda harshensu ba shi da irinta.

Kashi na biyu ya fi daɗi. Abu mai araha su da sumba suke saye, "za hubičku", Bature da waƙa, "for a song". Abu mai ɗan karen tsada kuwa ya ci "majlant", daga sunan birnin Milan. Da muka zo kan sayen abin da ba ka gani ba, ta ce su zomo ne a buhu, "zajíc v pytli", na ce Bature alade ne a buhu, mu kuma cinikin biri a sama. Sai da ta sa na maimaita mata da Hausa ta rubuta.

Yaya na Maraɗi, ta san Jáchymov sarai, ta ce ta taɓa kai mahaifiyarta wankan magani a can, amma ba ta taɓa jin kuɗin ya kai wajenmu ba. Ka kuma yi gaskiya: ƙananan kuɗinsu, haléř, tun 2008 aka daina karɓarsu a hannu, amma har yanzu suna nan a farashin kanti da bakin mutane.

Ranar Talata za ta sake kiran mutumin nan. Mun yi gwaji sau uku, a na ukun ta ce "we're on a tight budget this year" ba tare da ta duba takarda ba. Malama, saura "borrow" da "lend", don su kalma ɗaya ce ke ɗaukar duka biyun, ɗan ƙarin "si" ne kawai ya raba su. Ina tunanin in nuna mata namu "na ari" da "na ara masa", ko kuwa zai ƙara rikita ta?