Kaza ta yi laushi ta daina kiwo: me za a yi mata?

Uwar Gida: Salamu alaikum. Kaza mai ƙwai ce, kwana biyu ta takure, fikafikai a ƙasa, ido a lumshe, ko tsaki ba ta kulawa. Masana, a taimaka.

Mai Akurki: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin maganar magani a ware ta tukuna. A sa ta a kwali ko kwando, a shimfiɗa buntun shinkafa, inda iska ba ta bugawa. Mazubin ruwanta daban. Sannan a duba kashinta, shi zai faɗi ciwon.

Malamin Dabbobi: Haka ne. Kashi mai jini-jini, galibi koksidiyosis ne, wato ciwon hanji da wasu ƙananan ƙwayoyin cuta ke haddasawa, danshin akurki ke yaɗa shi. Maganin amprolium ake sa wa a ruwan sha kwana 5, bisa awon da ke jikin leda. In kuwa kashin kore ne, ga haki, ga murɗewar wuya, musamman lokacin hunturu, to cutar Niyukasil ce. Wannan ba ta jin magani, kafson ja-da-yalon da ake farkewa a zuba a ruwa asarar kuɗi ce kawai. Sauran kajin za a ceta da rigakafi: Lasota, ko I-2 na cibiyar binciken dabbobi ta Vom, ɗigo ɗaya a ido, a maimaita bayan wata 4. Masu lafiya ake yi wa, ban da wadda ta riga ta kwanta.

Yaya Babba: Ƙanwata, rashin ruwa ke saurin kashe su, ba yunwa ba. Lita 1 na ruwa mai tsafta, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. A cire allurar sirinji, a riƙa ɗiga mata a gefen baki tana haɗiyewa da kanta. Kada a ɗage kai a ɗura, ruwan ya bi hanyar numfashi ta shaƙe. In ta fara motsi, dafaffen ƙwai a marmashe da jiƙaƙƙiyar dusa.

Mai Akurki: Tunda mai ƙwai ce, a taɓa ƙasan cikinta a hankali. In tana yunƙuri, jela na sama da ƙasa, aka ji abu mai tauri, ƙwai ne ya maƙale. A zaunar da ita cikin ruwan ɗumi minti 15, a shafa man gyaɗa a bakin duburar, a ajiye ta a wuri mai duhu. Ban da matsawa, in ya fashe a ciki an shiga uku.

Uwar Gida: Na duba, kashin ja-ja ne. Makwabciya ta ce a jiƙa barkono da ɓawon maɗaci.

Malamin Dabbobi: A'a Hajiya, hanjinta ya riga ya yi rauni, amprolium ɗin dai, kuma har sauran a ba su. A kwashe shimfiɗar akurkin yau, a zuba busasshiya. In kuwa aka wayi gari uku huɗu sun mutu lokaci guda, zanko ya yi shuɗi, kada a yanka, kada a fige, a kira ma'aikacin dabbobi don gudun murar tsuntsaye.