Taɓin hankali a shari'ar ɓatanci: shawarwarin da aka tattaro

An tattauna kan matsayin mai taɓin hankali da ake tuhuma da furta kalaman ɓatanci ga addini. Abin da masu tattaunawar suka fi nanatawa shi ne, kotu ba ta tsayawa ga cewa mutum ya taɓa yin ciwon ƙwaƙwalwa. Tambayarta ita ce: lokacin da ya furta kalaman, ya san abin da yake yi? Haka sashe na 51 na dokar Penal Code ta Arewacin Najeriya ya tanada, haka ma sashe na 84 na takwararta ta Pakistan. Nauyin kawo hujja kuwa yana wuyan wanda ake tuhuma.

Saboda haka aka shawarci dangi su adana katin asibiti da takardun magani, lauya kuma ya nemi likitan ƙwaƙwalwa ya duba mutumin tun farkon tsarewa. Shaidar maƙwabta na taimakawa, amma ba ta kai rahoton likita ƙarfi ba. A ganina nan talaka ya fi cutuwa, domin da yawa ba a taɓa kai su asibiti ba.

Malamai sun tunatar da hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, ciki har da wanda hankalinsa ya gushe. Aka kuma gargaɗi iyalai su gaggauta nema masa kariyar jami'an tsaro kafin jama'a su ɗauki doka a hannunsu.