Ƙanena ya yi ƙiba tun da ya fara shan Olanzapine, gado ne ko maganin?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ɗan shekara 22 ne. Bara ya samu taɓin hankali, yana jin muryoyi, barci ya ƙaurace masa. Likita ya ɗora shi a kan Olanzapine, kuma Alhamdulillah ya dawo hayyacinsa, har ya koma shago. Amma cikin wata biyar ya ƙara kilo 14. Tsakar dare sai ka ji shi yana buɗe tukunya. Ɗan maƙwabciyarmu shi ma maganin yake sha, jikinsa yana nan yadda yake. Inna ta ce gado ne, don dangin babanmu masu jiki ne, biyu daga cikinsu ma suna da ciwon suga. Shi kuma yanzu ya ce zai daina sha saboda abokai suna tsokanarsa. Me za mu yi?

Wani mai harhaɗa magunguna:
Wa alaikumus salam. Yaya, maganar Inna tana da tushe, amma maganin ne ya tayar da abin. Olanzapine da Clozapine su ne kan gaba wajen sa ƙiba a cikin magungunan taɓin hankali, domin suna toshe wasu wurare a ƙwaƙwalwa da ke sanar da mutum cewa ya ƙoshi. Yunwar da yake ji ta gaske ce, don Allah a daina yi masa faɗa. Bambancinsa da ɗan maƙwabciyarku kuwa, gado yana da hannu a ciki. Bincike a kan tagwaye ya nuna haka. A 2002 an gano cewa wani bambanci a ƙwayar gado mai suna HTR2C yana da alaƙa da yawan ƙibar da masu shan magungunan taɓin hankali a ƙasar Sin suka yi, a 2012 kuma aka samu irin wannan alaƙa kusa da wata ƙwayar gadon mai suna MC4R, wadda ke kula da sha'awar abinci. Sai dai gwajin waɗannan ƙwayoyin gado bai zama abin da likitoci ke dogara da shi wajen rubuta magani ba. Sikeli da tarihin dangi sun fi amfani. Ƙuruciya ma tana ƙara abin, musamman ga mai shan maganin karon farko.

Wata uwa:
'Yata, kada ya kuskura ya daina. Nawa ɗan ya ajiye nasa a ɓoye, bayan wata biyu muka koma gidan jiya, ciwon ya fi na farko tsanani. Da muka faɗa wa likita gaskiya, a hankali ya sauya masa zuwa Aripiprazole, cin abincin ya ragu. Na kuma daina ajiye lemon kwalba a gida, kowa ya haƙura tare da shi.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Kilo 14 ba abin jira har ranar komawa asibiti ba ne. Ki raka shi a wannan makon, ki faɗi maganar ciwon sugan dangin babanku da bakinki. A auna sugansa kafin ya karya, da kitsen jini, da hawan jini, da faɗin ƙugu. Ki tambayi likita ko za a sauya maganin ko a haɗa masa da Metformin, maganin ciwon suga ne, ana yin haka don rage ƙibar.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta masa amsoshinku, ya yarda zai ci gaba da sha. Ranar Litinin da safe za mu je, ba zai karya ba sai an ɗebi jinin.