Musayar Waƙa: Me Ke Juya Zamani a Zariya?

Malamin Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga tambaya a waƙe. Amsa-amonmu "ya" ne, ƙwar biyu ko ƙwar huɗu, kowa ya amsa daga sana'ar da ya sani.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ke da mulki, Shi ke sauyawa,
Amma da sababi Yake gudanarwa,
Sababin nake nema, 'yan Zariya.

Kowa faɗi yake, zamani riga,
To wa ya auna, wane ya tsaga?
Wa ya ɗinka har muka zo muka shiga?
Wannan ita ce tawa tambaya.

Da can fatake, ayarin Gwanja,
Jaki yake ɗauke musu haja,
Wuri a buhu shi ne daraja,
Madugu ke gaba, shi ya san hanya.

A 1911 dogo ya iso,
Daga Baro jirgi ya ƙaraso,
Kayan ayari tarago ya kwaso,
Kasuwa ta tashi ta bi shi baya.

Gefen tasha Sabon Gari ta kafu,
Bayan ganuwa Tudun Wada ta ginu,
Reshen dogo na Ƙaura Namoda a 1929 ya shimfiɗu,
Auduga da gyaɗa suka sami masaya.

Ni a ganina hanya ce tushe,
Inda ta kauce kasuwa kan bushe,
Mai wata hujja ya zo ya rushe,
Baba na marina, kai za ka taya.

Baban Marina:
Wa alaikumus salam, Malam.

Malam, dogo bai kashe karofi ba,
Kayan da ya ɗauko ne suka ja mu baya.

Bari in faɗa maka yadda ake haɗa shuni,
Ka auna wahalar da kanka, ka ga gaskiya.

Baba, tsiron shuni, a yanke shi yana shirin fure,
A sassare, a busar, sannan a yi ajiya.

Rami ya kai gaba biyu ko uku,
A shafe shi da laso, simintin gargajiya, don ruwa ya tsaya.

A cika da ruwa, a zuba masa toka,
Da ƙonannen katsi, lakar gindin karofi, da baba, ɗaya bayan ɗaya.

Kwana uku a bar shi ya ruɓa a rufe,
A tsame ƙirare, a kama muciya.

Safe da yamma ana ta motsawa,
Har kumfa ta hau kai, shuɗiya.

Mako guda ke nan ba a tsoma zane ba,
Ba a karɓi sisi ba gun mai kaya.

In toka ta yi kaɗan, ruwa ya yi tsami,
Shuni ya kwanta, ba ya rina ƙyalle ɗaya.

In ta yi yawa, ta ci hannun marini,
Launi ya ƙi zama, a yi aikin tsiya.

In hunturu ya tsananta, ramin ya yi sanyi,
Sai an ƙara kwanaki kafin ya shirya.

Tsoma zane ka ɗaga, kore za ka gan shi,
Iska ke mai da shi shuɗi in ka shanya.

Tsomi da shanya a yi ta maimaitawa,
Kan ya yi baƙi a kai mabuga ya sha wuya.

To a 1897, can ƙasar Jamus,
Kamfanin BASF ya fara sai da shuni na kimiyya.

Gari a gwangwani, ruwan zafi da soda,
Kafin azahar ka gama a cikin tukunya.

Mai kaya ba ya biyan kwanakin jira,
Lissafi ya rufe ramukan, ba ƙiwuya.

Magini, Ƙofar Doka:

Baba, ka sosa inda ke ƙaiƙayi,
Da katsin karofinku laso kan yi,
Shi ke hana soro jiƙa da nauyi,
Da kuka rufe, mu ma muka sha wuya.

A daka katsi ya koma gari,
Gashin majema a sa ya yi tauri,
Ruwan dafara a kwaɓa da kauri,
A shafe rufi, damina ta wuce lafiya.

Bango kuwa makuba ke tsare shi,
Ɓawon ɗorawa ake jiƙa shi,
A kwaɓa ƙasa da ruwan a yaɓe shi,
Ɗorawa ta tafi gawayi, ina bishiya?

Azara giginya ce ake tsagawa,
Namijin ya fi, gara ba ta taɓawa,
Taku shida take iya ɗaukewa,
Fiye da haka sai baka, in ka iya.

Jeri a kan jeri ake ɗorawa,
Kowace ta zarce ta ƙasa leƙawa,
Daga bango biyu har su zo gamuwa,
A yaɓe bayan an ɗaure da igiya.

Haka Babban Gwani Durugu ya tsara
Masallacin Juma'a, ƙasa da azara,
Zamanin Sarki Abdulkarimu aka fara,
An kewaye shi da siminti daga baya.

Giginya ba ta isa sara da wuri,
Mai shuka ta jika yake wa shiri,
An tone muruci an kai shi gari,
Ba a bar na gobe ba ko ɗaya.

Ba laso, soro ya kama yoyo,
Yara suka bar zuwa wurin koyo,
Mai gida ya je kwano ya sayo,
Da rana zafi, da ruwa hayaniya.

Buhun siminti kilo 50,
Bulo inci tara a buga 30,
Mai son riba ya ja shi 60,
Bango ya tsage kan a sa amarya.

Malamin Gona, Samaru:

Yaya magini, kar ka ga laifin mai gatari,
Baki ya yi yawa, gonar kuwa ɗaya.

Ƙidayar 1963, miliyan 55 da ɗoriya,
Yau mun haura 200 a Nijeriya.

Da, gona in ta gaji a bar ta saura,
Ta huta shekaru, a dawo ta shirya.

Da kaka Fulani su sauka kan kara,
Su bar maka taki, ladan kiwon saniya.

Yanzu gado ya raba ta gida-gida,
Ba saura, ba burtali, ba wurin makiyaya.

Dawa da gero su ne tuwon Zazzau,
Ko ƙasa ta yi rauni sukan ba da ƙwaya.

Samaru tun 1922 ake gwajin iri,
A 1962 ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello, ta zama cibiya.

Masara ta karɓi fili da takin zamani,
Daga shekarun 1970 ta tura dawa baya.

Amma ita ba ta haƙuri da yunwa,
Hekta guda, ga abin da za ka saya.

Kunya da kunya santimita 75,
Rami da rami 25, tsiro ɗaya-ɗaya.

Buhu takwas na kamfa 15-15-15,
Kan mako biyu a tona gefe a sanya.

Mako biyar zuwa shida, in ta kai gwiwa,
Buhu biyu da rabi za ka ƙara na yuriya.

In ka watsa a sarari ba ka rufe ba,
Iska ta sha rabonta, ka yi asarar dukiya.

In ka maimaita masara kowace damina,
Wuta-wuta ta kama saiwa, ta hana ta goya.

Maganinta waken suya a tsakani,
Irin wuta-wuta ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu a kunya.

Tun 2016 wata baƙuwar tsutsa ta shigo,
A yi feshi da yamma, maganin ya shiga tsakiya.

Auduga kuwa masaƙu ne ke jan ta,
Ta Kaduna ta buɗe a 1957, ta yi ta saya.

Da ta tsaya a 2002, wasu suka bi ta,
Manomi ya bar shuka abin da ba mai taya.

Hajiya Mai Ɗinki, cikin Birni:

Sannunku malamai da ƙoƙari,
Kun lissafa rashi jeri-jeri,
Sauyi yakan zo har da alheri,
Ku tambayi matan birnin Zariya.

Ɗinkin riga da, aikin maza ne,
Malam da almajiri a zaure zaune,
Allura da zare, ga mai zane,
Mata kuwa kaɗi suka iya.

Zaren inji ya kashe mazari,
Maza suka bi albashi cikin gari,
Shekarun 1970, mata da sauri
Suka ɗau allura, suka sami moriya.

Mai zane ya zana a kan shadda,
Aska biyu ko takwas ya fidda,
Tambari a gefe, a bi shi yadda
Ya sa, daga aljihu har wuya.

A ja da ƙarfi, yadi ya tattare,
A sassauta, wanki biyu ya warware,
A wanke hannu kan a taɓa zare,
Tabon maiƙo kan karya kuɗin kaya.

Yanzu ga inji mai kwamfuta,
Aikin makonni ya gama kan ka huta,
Juya cikin rigar ka bambanta,
Na inji da takarda manne a baya.

Layin salula 2001 ya samu,
Yau hoto muke turawa da kanmu,
Kuɗi ya faɗo asusun bankinmu,
Daga Legas ko Yamai ake saya.

Baba na marina, ga wata magana,
Shuɗin zaren kasuwa da aka rina,
Ya zuba a wanki, ya koɗe a rana,
Laifin garin shunin ne ko na mai tukunya?

Ɗalibi, Kongo:

Kawu magini, gidajen birni da dama,
An shafe bangon ƙasa da siminti har sama,
Ba a jima ba ka ga tsaga ta kama,
Ina sababin, kuma me za a sanya?

Baban Marina:

Hajiya, mafi yawa laifin gaggawa ne,
Ba a wanke zaren ba aka sa shi tukunya.

Sabon zare da sitaci da maiƙo a jikinsa,
A dafa da sabulu, launi ya ratsa tsakiya.

Sai kuma a cika gari don a gama da wuri,
Launi ya taru a sama, bai kama ba, ya tsaya.

Gara ruwa marar kauri, tsomi biyar ko shida,
Tsakanin kowane biyu a ɗaga a shanya.

A ɗauraye har ruwan ya fito fari tas,
A busar a inuwa, sannan a yi ajiya.

Na baba ma kan shafa, in an buga masa shuni,
Irin na turkuɗi, kar ya je kusa da farin kaya.

Kafin ki biya, jiƙa farin ƙyalle ki goga,
In ya ɗau shuɗi sosai, kar ki saya.

Magini, Ƙofar Doka:

Ɗana, siminti in an shafa,
Bangon ƙasa ba ya fid da zufa,
Laima ta hau shi tun daga ƙafa,
Ciki ya ruɓe, waje kamar lafiya.

Ƙasa da damina takan kumbura,
Da rani ta koma ta takura,
Siminti ba ya binta, sai ya fara
Ɓamɓarewa, ya bar rami a baya.

A cire shi duka tun da rani,
A bar shi ya bushe, a duba gini,
Ramin gara a zuba masa magani,
Gindin da ya zaizaye a cike ya tsaya.

Jar ƙasa a jiƙa, a sa ciyawa,
A tattake, a bar ta tana ruɓawa,
Yaɓe biyu, na fari ya gama bushewa
Kan na biyu, kar a haɗa su rana ɗaya.

Indararo ya yi tsawo ya leƙa,
Ruwa ya faɗi nesa, kar ya jiƙa,
Dakali a gindi a bi a miƙa,
Kan ruwan Mayu a buɗe rariya.