Djokovic gwani ne, amma gwarzo ne? Muhawarar 'yan tanis na Birnin Kebbi

Ɗan Gesse: Salamu alaikum jama'a. Bari in ƙarasa maganar da munka fara jiya wurin mai shayi, wanda ta ɓata ma rai ya yi haƙuri. Ni ban son Djokovic, ban taɓa son shi ba, kuma ban yarda a ce shi ne gwarzon tanis na duniya ba ko da kofi ɗari ya tara. Gwani ne, wannan ban musu. Amma gwani daban gwarzo daban.

Na Argungu: Wa alaikumus salam. To ƙanena sai ka faɗa muna da mi ake awon gwarzo in ba da kofi ba. Manyan kofuna 24 gare shi, Ostireliya 10, Wimbledon 7, Amurka 4, Faransa 3. Nadal 22 ya tsaya, Federer naka 20. Sati 428 shina na ɗaya a duniya, lissafa ka gani, ya fi shekara takwas. Kuma ba bayan sun tsufa ya samu fili ba, a gabansu ya yi, a karawarshi da Federer ya ci 27 Federer 23, da Nadal ya ci 31 Nadal 29. Ina kuma ka ke son a kai maganar?

Ɗan Gesse: Yaya duk na san wanga lissafi, kullum shi ku ka kawowa. Ni hali ni ke magana. 2020 a gasar Amurka ya ji haushi ya buga ƙwallo baya ba tare da ya duba ba ta samu alƙaliyar layi a maƙogwaro, matar ta faɗi tana riƙe da wuya tana neman numfashi, aka kore shi daga gasar. 2023 wasan ƙarshe na Wimbledon da Alcaraz, yaro ɗan shekara 20 ya matsa mai, sai ya rafka raket jikin sandar raga ta karye gaban duniya. Mutum mai shekara 36 fa. Wanga ne za mu nuna ma yara mu ce ku yi koyi?

Anti: Ƙanena kada ka ɓoye rabin labari. Matar nan da gangan ya same ta? Shi ya fara rugawa wurinta, kuma ya fito ya ba da haƙuri. Maganar raket kuwa Federer naka ma ya fasa a Miami 2009, kuma ka san da wa ya ke wasa ranar? Da Djokovic ɗin.

Ɗan Gesse: Sau nawa Anti? Wancan har yau ana tuna shi saboda abin mamaki ne daga gare shi. Wanga kuwa ba a iya ƙirgawa.

Kawu Malamin Wasanni: 'Ya'yana ku saurara. Nan wurin raket ina bayan yaron ga. Na yi shekaru ina koya ma yara wasan ga bisa siminti mai tsaga, raket biyu gare mu yara sun fi goma, ɗaya ta tsinke igiya munka ɗaure da zaren kamun kifi muna lallaɓawa, ƙwallo sai ta yi sanƙo gashinta ya ƙare kaf ba mu yar ba. Yaro ya jira layi rabin awa cikin rana don ya buga sau biyar. In na ga babba ya karya raket don zuciya wallahi har cikin raina ni ke ji. Nadal shekara nawa ya yi shina wasa, wa ya taɓa ganin ya fasa? Amma ɗana, abin da ba ka so ga mutum bai rage mai tsawo.

Na Argungu: Allah shi ƙara girma Kawu. Ni dai na san inda ciwon ƙanena ya ke, ba raket ba ce ba alƙaliya ba ce, 14 ga Yuli 2019 ce, ranar wasan ƙarshe na Wimbledon tsakanin Djokovic da Federer.

Ɗan Gesse: Ban ɓoyewa yaya, ita ce mafari. Kai ma kana nan ranar. Sai da munka haɗa kuɗin mai munka roƙi mai gidan kallo ya kunna muna janareto tun ƙarfe biyu, da sharaɗin za mu ba 'yan ƙwallo wuri kafin wasan Najeriya da Aljeriya da dare. Mu shida ne kan benci sai fanka ɗaya. Munka fita la'asar munka dawo ana nan ana yi. Seti na biyar Federer na gaba 8 da 7, sabis a hannunshi, 40 da 15, maki ɗaya tal ya rage kuma dama biyu gare shi, ni har na miƙe tsaye na cire hula. Ta farko ya buga waje, ta biyu ya taso raga mutumin ga ya zura mai ita ta gefe kamar ba komai, fuska ba motsi. Awa 4 da minti 57, aka ƙare 13 da 12 daf da magariba. Federer ya fi shi yawan maki a wasan gaba ɗaya, ya fi shi kyawon bugu, amma kofi ya tafi Sabiya, ƙasar Djokovic. Ban gama haɗiye wannan ba Mahrez ya jefa muna firikik a mintin ƙarshe. Ranar ko tuwo ban ci ba.

Anti: To ai ka ba da hujjarmu da bakinka. Filin nan kusan kowa Federer ya ke so, in Djokovic ya yi kuskure sai tafi ya tashi, shi kaɗai kamar maraya a gidan biki, kuma hannunshi bai yi rawa ba. Shi da kanshi ya ce in suna kiran sunan Roger, wato Federer, sai ya sa ma ranshi nashi sunan Novak su ka kira. Wanda ya tashi a Belgrade yana ɗan shekara goma sha ɗaya jiragen NATO na ruwan bama-bamai a 1999, suna atisaye cikin kwamin ninƙaya da ba ruwa, ihun 'yan kallo zai ba shi tsoro? Mu da mun san abin da ake nufi da kwana cikin fargaba a yankin nan ya kamata mu fi kowa gane shi.

Ɗan Gesse: Wannan na ji Anti, kuma ban raina wahalar kowa ba. Amma wasanshi fa? Federer in ya buga da hannu ɗaya ta baya kamar mai zana rubutu ne, Nadal bisa jar ƙasa kamar ɗan dambe, kofin Faransa 14. Shi wanga bango ne, ka buga ya maido ka buga ya maido har ka gaji ka yi kuskure da kanka. Ni abin bai shiga raina.

Auta: Yayyena ni ban ga zamanin da ku ka faɗi sosai ba, da Alcaraz na fara kallo. Amma maido da sabis mai gudun kilomita 200 zuwa ƙafar wanda ya bugo ba gwaninta ba ce? Na gwada tarbe na Kawu ma ban iya ba.

Na Argungu: Yawwa auta. Ga kuma 2022 da Ostireliya ta kore shi kan rigakafin korona, wasu sun zage shi wasu sun yaba, ni ban goyi bayanshi ba a nan, dokar ƙasar mutane ce. Amma ya rasa gasar, ya rasa ta Amurka a shekarar, 2023 ya dawo ya ɗauki uku cikin manyan kofuna huɗu na shekara. 2024 a Faris wata biyu bayan an yi mai aiki a gwiwa ya doke Alcaraz ya ɗauki zinaren Olamfik, ya durƙusa yana kuka jikinshi na kyarma. Kai ƙanena ka kalli wannan?

Ɗan Gesse: Na kalla yaya. Kuma ban ƙarya, ranar na ji tausayinshi, na ga ashe abin na cin shi shekara da shekaru. Na yarda ba wanda ya kai shi cin manyan kofuna cikin maza, ku rubuta ku aje na faɗa. Amma so ba a tilasta shi, kuma in ɗana ya ɗauki raket gobe ba shi zan nuna mai ba.

Anti: Ina da wasan 2019 ɗin cikakke a waya, bari in turo maka ka sake kallo da sanyin zuciya.

Ɗan Gesse: Turo Anti na gode, seti huɗun farko zan kalla. Na biyar ɗin har yau ban iya ba.