"Da babu gara ba daɗi": har a kan mushe?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. Tunkiyar maƙwabciyata ta kwana lafiya, da asuba aka tarar ta mutu a turke, ba a samu an sa mata wuƙa ba. Mijinta ya ce a feɗe ta ko fatar a tsira da ita, wai da babu gara ba daɗi. Ita kuma ta ce wannan karin maganar ba a nan ake yin ta ba. Wa ya fi gaskiya?

Ɗan Majema: Maigidan mana. Nan ne ma muhallinta. Nama ya tafi, amma fata tana nan. A feɗe da wuri kafin rana ta ɗaga, a zuba gishiri a shanya a inuwa, sannan a kai wa majema su jeme da bagaruwa. Guga ko salka dai ba za a rasa ba.

Malam na Zaure: Ta fuskar shari'a yana da madafa. Cin mushe haramun ne, aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta faɗa ƙarara. Amma hadisi ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wata matacciyar tunkiya, ya tambayi me ya hana a ɗauki fatarta a jeme a amfana, domin ci ne aka haramta. Sai dai mu Malikawa da sharaɗi. Risala, littafinmu na fiƙihu, ta ce a yi amfani da fatar in an jeme, amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Wato buzu ya fita, kasuwa ma ta fita.

Ɗan Majema: Allah gafarta Malam, in aka cire kasuwa ai rashin daɗin ya ƙaru.

Baba Mai Turke: Ni yadda na taso na ji ana faɗarta, ba bayan mutuwa ba ne, kafin ta ne. Akuya ta kutsa rumbu ta ci hatsi ta kumbura, ko leda ta toshe mata ciki, ka ga ba za ta kai ba, sai ka yi bisimilla ka yanka. Mahauci ya zo ya taya a wulaƙance, don ya san ba ka da zaɓi, ungulu ba ta jewar banza. Ka karɓa kana cizon yatsa, ko ka ƙi sayarwa a soya a raba wa maƙwabta. Wannan shi ne "ba daɗi": abu naka ne, halas ne, ƙanƙanta kawai ya yi. Wanda ya riga ya mushe kuwa "babu" ne tsantsa.

Tsohon Malamin Dabbobi: Baba, na yarda da rabin maganarka. Yankan gaggawar ma ba kowanne ake ci ba. Dabbar da aka yi wa allura jiya ko shekaranjiya, maganin yana cikin namanta, wani sai an yi makonni kafin ya fita. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda Maman 'Yan Biyu ta ce tunkiyar ta kwana lafiya. Mutuwar farat ɗaya ita muke tsoro. In aka ga jini baƙi-baƙi yana fitowa ta hanci ko baki ko dubura, kuma ba ya daskarewa, ciki ya kumbura nan da nan, to kada wuƙa ta taɓa ta. Alamun cutar antiraks ke nan, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja a watan Yulin 2023. Mai fiɗa yana ɗaukar cutar ta fatar jikinsa, majemi ma haka, kuma da zarar an buɗe gawar ƙwayar cutar takan zauna a ƙasa shekaru masu yawa tana jiran sauran dabbobin gidan.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi! Yanzu na leƙa na tambaya. Ta ce ba jini, amma cikin ya yi tim. Kuma jiya da yamma yara sun kai tumakin gona inda gyauron dawa ya tsiro.

Tsohon Malamin Dabbobi: Gyauron dawa ɗanye yana kashewa cikin sa'o'i, mai yiwuwa shi ne. Duk da haka a kira malamin dabbobi na yankinku ya gani da idonsa kafin a feɗe.

Inna Mai Lambu: Ni duk kun manta da ƙasa. In ba annoba ba ce, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, yadda kare ba zai tone ba, a rufe da toka da kashin turke. Bayan damina a dasa mangwaro ko gwaiba a gefen wurin, a ga yadda zai tashi. Ba ci, ba ciniki. Malam, wannan fa?

Malam na Zaure: Binnewa ba laifi, Inna, gara haka da a yar a bola.

Baba Mai Turke: To wannan kuma wata karin maganar za ku nemo masa, ba tawa ba.

Ɗan Majema: Maman 'Yan Biyu, in malamin dabbobin ya ce ba komai, ki ce su sayi gishiri tun yanzu. Da zafin nan, fatar ba za ta kai la'asar ba.